Tafiyata Zuwa Wurin Masu Barci a Kan Sitiyari

Marigayi yayana direban babbar mota ne, ya shafe fiye da shekara 20 yana ɗaukar shanu daga Kano zuwa Legas, ya juyo da gishiri ko siminti ko duk kayan da Allah ya hore masa. A gaban motarsa akwai wata rikoda da ya ɗaure da igiyar roba don kada gargada ta kayar da ita, a gefenta kuma akwai jakar kaset. Rabin jakar Shata ne da Ɗanƙwairo, sauran rabin kuwa wasu Turawan Amurka ne masu sanyin murya, Don Williams da Jim Reeves, waɗanda a wancan zamanin da wuya ka shiga shagon mai sayar da kaset ka rasa su. Turancin yayan nawa bai wuce na gaisawa da 'yan sanda a shingen hanya ba, amma yana son waƙoƙin mutanen nan ƙwarai, sai dai yana da doka guda wadda ban taɓa ganin ya karya ta ba a duk lokutan hutun makaranta da na bi shi: da zarar sha biyun dare ta yi, sai ya zare kaset ɗin Bature ya sa kalangu. Yakan ce muryar nan zuma ce, kuma direban da ya sha zuma da tsakar dare a rami zai wayi gari.

Babban ɗansa yanzu injiniya ne a birnin Houston na jihar Teksas, shi ne kuma ya matsa mini lamba har na kai masa ziyara. Na yi kwana biyar ina fama da bambancin lokaci, domin Nijeriya tana gaban Teksas da awa 6 a watan Afrilu, ina farkawa ƙarfe biyun dare ido tangararau, ina gyangyaɗi da azahar. Ran nan da daddare muna hira a kan mahaifinsa, na ba shi labarin rikodar nan, sai ya yi shiru, can ya ɗauki wayarsa ya yi 'yan danne-danne, ya ce, "Baffa, ranar Asabar ka shirya, zan kai ka ka ga irin kiɗan da Baba yake ji, amma na asali, da masu yin sa a tsaye a gabanka." Na tambaye shi sunan makaɗan, ya ce Asleep at the Wheel. Da ya fassara mini cewa ma'anar sunan ita ce barci a kan sitiyari, sai na ce a'uzu billahi, wane irin mutum ne zai raɗa wa kansa sunan abin da kowane direba yake neman tsari da shi safe da yamma? Ya yi ta dariya, ya ce mutanen sun fi shekara 50 suna yawo a hanyoyin Amurka da wannan sunan, kuma har yanzu suna kan titi.

Mun bar Houston bayan sallar asuba, muka ɗauki hanya mai lamba 290 wadda take nufar Austin, babban birnin jihar, tafiyar kusan kilomita 260. Teksas ba ƙaramar ƙasa ba ce, faɗinta ya kai kashi uku cikin huɗu na faɗin Nijeriya baki ɗaya, saboda haka abin da mu za mu ɗaura wa ɗamara mu yi sallama da dangi, su a wurinsu fita shan iska ne. Daga wajen garin Brenham sai gefen titi ya rufe da wasu furanni shuɗaye waɗanda jihar ta ɗauka a matsayin furenta, mutane suna ta tsayar da motoci suna zaunar da 'ya'yansu a ciki suna ɗaukar hoto. Ni kuwa shanu ne suka ɗauke mini hankali. Na ga wasu masu dogayen ƙahoni da suka tuna mini da rahajin Bararo, sai dai ƙahonin waɗannan a kwance suke sun miƙe gefe da gefe, ba su tashi sama ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu makiyayi ko ɗaya a bayansu, babu yaro da sanda a kafaɗa, waya mai ƙaya ce kawai take tsare su. Na ce wa ɗan nawa, ashe kaboyin da muka riƙa biyan kuɗi muna kallo a silima waya ta raba shi da aikinsa, abin da ya rage masa hula ce da takalmi da waƙa.

A hanya ne ya fara ba ni tarihin makaɗan, na ƙarasa sauran da karatu bayan mun dawo. Ashe ma ba 'yan Teksas ba ne. Shugabansu, Ray Benson, an haife shi a 1951 a birnin Philadelphia da ke gabashin ƙasar, cikin gidan Yahudawa, inda babu garke babu gonar auduga. A 1970, yana ɗan shekara 19, shi da abokansa biyu, Lucky Oceans da Leroy Preston, suka tare a wata gona kusa da ƙauyen Paw Paw a jihar West Virginia, suka kafa ƙungiyar. A lokacin samarin Amurka masu dogon gashi irinsu kiɗan zamani mai ƙarar jita suke yayi, kiɗan kantiri kuwa ana yi masa kallon kayan tsofaffi da mutanen ƙauye. Su sai suka juya baya ga abin da tsararsu ke bi, suka kama tsohon yayi. Daga nan suka koma Kalifoniya, suka fitar da faifansu na farko a 1973, sannan a 1974 suka sauka a Austin bisa shawarar shahararren mawaƙin kantiri Willie Nelson, wanda shi ma bai daɗe da barin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ya dawo jiharsa ba. Tun daga ranar Austin ta zama gidansu.

Mun isa birnin da hantsi. Ba mu daɗe a tsakiyarsa ba, mun dai tsaya a gaban mutum-mutumin Willie Nelson da aka kafa a 2012 a ƙofar zauren da ake ɗaukar shirin talabijin na Austin City Limits, shirin da aka fara nunawa a jere a 1976 kuma har yau bai tsaya ba. Makaɗan da muka zo nema su ne suka buɗe kashin farko na jerin shirin, tare da tsofaffin yaran Bob Wills. Daga nan ɗan nawa ya bi da ni ta titin South Lamar ya nuna mini Broken Spoke, wani gidan rawa na katako mai jan fenti da aka buɗe a 1964. A da bakin gari ne, yanzu kuwa dogayen benaye sun sa shi a tsakiya ta hagu da dama, ya zama kamar tsohon zauren ƙasa da ya ƙi sayuwa a unguwar da masu kuɗi suka saye. Wani gidan kuma da ake kira Armadillo World Headquarters, inda aka ce a nan ne 'yan dogon gashi da masu hular kaboyi suka fara zama wuri ɗaya suna sauraron kiɗa ɗaya, shi bai tsira ba, an rufe shi a daren ƙarshe na shekarar 1980, kuma Asleep at the Wheel suna cikin waɗanda suka yi wasan rufewar.

Sunan Bob Wills ya yi ta fitowa a bakin ɗan nawa har sai da na tambaye shi ko wane ne, domin na lura ba a maganar waɗannan makaɗa ba tare da an ambace shi ba. Shi mai goge ne, an haife shi a Teksas a 1905, ya tashi a gidan masu goge, uba da kaka, ya kuma yi tsinkar auduga tare da baƙaƙen fata yana sauraron waƙoƙinsu na ƙunci da kewa, har ana ba da labarin ya taɓa yin doguwar tafiya a kan doki don kawai ya ji mawaƙiyar nan Bessie Smith. Ya yi aski na ɗan lokaci, sannan a farkon shekarun 1930 ya shiga wata ƙungiya da kamfanin fulawa ke ɗaukar nauyinta a rediyo a Fort Worth, wadda manajan kamfanin, W. Lee O'Daniel, ya hau farin jininta har ya zama gwamnan Teksas. Da suka saɓa, Wills ya kafa tasa ƙungiyar, Texas Playboys, ya koma Tulsa ta jihar Oklahoma a 1934, inda gidan rediyon KVOO da zauren Cain's suka yaɗa sunansa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki gogen ƙauye, ya haɗa shi da kiɗan jaz na baƙaƙen fata, da kiɗan rawar Jamusawa da Cekawa da suka zauna a Teksas, da ɗan ɗanɗanon Meziko, ya ƙara ganguna da kayan busa, ya fitar da salon da suke kira westan suwin, wanda ni na raɗa masa kiɗan lilo, domin ma'anar kalmar ke nan kuma haka yake yi da jikin mai sauraro. A 1944 da ya je babban dandalin kantiri na Nashville, masu wurin ba su yarda da ganga a kan dandamali ba, shi kuwa ya kafe sai da gangunansa.

Lokacin da su Benson suka taso, kasuwar wannan kiɗa ta riga ta ci ta watse, talabijin da sabon yayi sun kwashe jama'a daga gidajen rawa. A watan Disamba na 1973 aka tara tsofaffin yaran Wills a Dallas don su naɗi faifai na ƙarshe tare da maigidansu, wanda a lokacin yana kan keken guragu. Samarin nan sun je wurin, sun gan shi, aka bar zancen zama a yi hira sai gobe, a daren kuwa ciwon shanyewar jiki ya sake buge shi, bai ƙara farfaɗowa ba har ya rasu a 1975. Wato ko hirar kirki ba su taɓa yi da mutumin da suka ƙare rayuwarsu suna riƙe da kayansa ba. Sun fitar da faifai uku na girmama shi, a 1993 da 1999 da 2015, inda suka gayyato manyan mawaƙa na kowane zamani su rera waƙoƙinsa, a 2005 kuma, cikarsa shekara 100 da haihuwa, suka shirya wasan kwaikwayo na dandamali a kan rayuwarsa.

Wasan da za mu kalla ba a Austin yake ba, sai mun ƙara tafiyar kusan kilomita 75 kudu a kan babbar hanya mai lamba 35, mun wuce San Marcos, zuwa wani tsohon ƙauye da yanzu garin New Braunfels ya haɗiye. Ana rubuta sunansa Gruene amma ana furta shi kamar Girin, sunan wani iyalin Jamusawa ne da suka zauna a wurin suka yi arziki da auduga. A 1878 suka gina zauren rawa domin manoman da ke yi musu aiki, daga baya tsutsar auduga da karayar tattalin arziki suka kashe ƙauyen, ya zama kusan kufai, har zuwa tsakiyar shekarun 1970 da aka farfaɗo da shi. Zauren yana nan yadda yake, kuma ana ɗaukar sa a matsayin mafi daɗewa cikin gidajen rawar Teksas da ba su taɓa daina aiki ba. Mun sauka da la'asar sakaliya, muka gangara gefen kogin Guadalupe, muka buɗe kular da surukata ta cika mana da soyayyar kaza da dambun nama, domin ta san ba zan iya cin gashin naman da ƙamshinsa ya cika garin ba tunda ban san yankansa ba. Da rana ta faɗi muka shimfiɗa darduma a bayan mota, muka haɗa magariba da isha'i a matsayinmu na matafiya. Wani dattijo da zai ɗauki motarsa ya tsaya daga nesa, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai tayar da injin ba sai da muka sallame.

Ba zan ɓoye ba, sai da na yi jim a bakin ƙofa, domin abin da ido zai fara faɗawa a kai shi ne teburin sayar da giya. Ɗan nawa ya lura, ya ce, "Baffa, mu wuce ciki, akwai benci can gefen taga, lemo zan kawo maka." Muka wuce. Ginin katako ne fari da rufin kwano, babu na'urar sanyaya ɗaki, tagoginsa manya ne da aka rufe da waya irin ta kejin kaji, ana ɗaga murafensu iska ta shigo. Daɓen ma katako ne da ƙafafun mutane suka goge shi har ya yi santsi, yana ɗan lotsawa idan ka taka. Dogayen tebura duk an sassaƙe su da sunayen waɗanda suka taɓa zama a kai. Jama'ar da na tarar ba irin wadda na zata ba ce, akwai tsofaffi masu furfura da sanduna, akwai magidanta da matansu, akwai 'yan mata da samari, har da yara ƙanana da iyayensu suka riƙo. Ya fi kama da taron biki a ƙauye, sai dai babu ango babu amarya.

Da makaɗan suka hau dandamali, ba sai an nuna maka shugaban ba. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 7 ne, ga doguwar hula a kai, har na ji tsoron kada ya taɓa rufin. Ya haura shekara 70, gemunsa ya yi fari, muryarsa kuwa mai kauri ce kamar daga cikin rijiya take fitowa. Sauran duk 'ya'yan cikinsa ne a shekaru, wasu ma jikoki. Akwai masu goge, akwai mai fiyano, da mai ganguna, da mai riƙe da wani ƙaton goge da ake tsayar da shi a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, da mai busa, sai kuma wani da ke zaune a gaban abin da na ɗauka keken ɗinki ne. Wannan na ƙarshe shi ya fi riƙe ni, har na bar bencina na matsa kusa don in ga yadda yake yi. Jita ce aka kwantar da ita a kan ƙafafu, ba a danna tsirkiyarta da yatsu, wani ɗan guntun ƙarfe mai santsi yake riƙe da shi a hannun hagu yana zamar da shi a kai, hannun dama kuma sanye da faratan ƙarfe yana tsinka. Sautin ba ya tsalle daga wani zuwa wani, jan sa ake yi yana miƙewa kamar ƙoshiya ta ɗebo kuka mai yauƙi, wani lokaci kamar kukan mace daga nesa, wani lokaci kamar jiniyar jirgin ƙasa. Daga tsibirin Hawaii wannan dabara ta samo asali, Teksas ta ara ta riƙe. A nan na gane cewa wannan kukan ne nake ji a bayan muryoyin kaset ɗin yayana shekara da shekaru, ban taɓa sanin abin da ke yin sa ba.

Sai dai kiɗan da suka saki ba shi ne na kaset ɗin ba. Na zo da shirin jin zuma, sai na tarar da barkono. Masu goge suka tashi tare a kan layi ɗaya kamar bakinsu guda, ganga tana tafe a ƙasa ba ta gaggawa ba ta jinkiri, kafin a yi haka daɓen ya cika da mutane bibbiyu suna kewaya fili ta hannun hagu, taku biyu da sauri, taku biyu a hankali, katakon yana amsawa har cikin bencin da nake zaune. Tsarin nasu shi ne a fara waƙa tare, sannan shugaban ya juya ya kira sunan ɗaya daga cikin yaransa, shi kuma ya fito ya nuna abin da ya iya na ɗan lokaci, yana ƙirƙira nan take, jama'a su yi masa tafi, ya koma, a kira wani. Wannan al'ada ta kiran suna da yin ihu a tsakiyar kiɗa daga Wills aka gaje ta, kuma duk wanda ya taɓa jin sanƙira yana zuga makaɗi a fagen biki ba zai ji ta baƙuwa ba. Akwai barkwancin da shugaban ya riƙa yi tsakanin waƙoƙi wanda zauren ke fashewa da dariya ni kuwa ya wuce ni, akwai kuma wani kiɗa marar waƙa da a ganina ya yi tsawo fiye da kima. Amma ko sau ɗaya ban yi hamma ba, ni da na kwana biyar ina gyangyaɗi a kujerar mutane.

Da aka tafi hutun rabin lokaci sai wani tsoho da matarsa suka zauna kusa da mu suna haki, ashe mutumin nan ne da ya cire mana hula a wurin ajiye motoci. Ya tambayi daga inda nake, na gaya masa, na kuma ba shi labarin yayana da kaset ɗinsa. Ya riƙe baki, ya ce bai taɓa sanin ana jin Don Williams a Afirka ba, sannan ya shaida mini da alfahari cewa shi da Jim Reeves duka haifaffun Teksas ne. Ya ce shi ya fara ganin waɗannan makaɗa tun yana saurayi, lokacin gashinsu har kafaɗa, kuma mahaifinsa, wanda ya yi rawa a gaban Bob Wills da kansa, da farko cewa ya yi ba zai je kallon 'yan iskan gabas suna wasa da kiɗan mutane ba. Da aka lallashe shi ya je, sai ga tsoho yana share hawaye. Matar ta sa baki ta ce a irin wannan daɓen suka haɗu, kuma gwiwarta ta ƙarfe ce yanzu amma ba ta hana ta taku biyu ba.

Maganar tsohon nan ce ta tsaya mini a rai. A wurinmu akan raba masu sana'a gida biyu, ɗan gado da ɗan haye, kuma ɗan gado yakan yi wa ɗan haye kallon shigege. Wills ɗan gado ne gaba da baya. Benson kuwa haye ne tsantsa, ba jininsa ba, ba garinsu ba, ba addinin mutanen wurin ba, amma da 'yan gadon suka tsufa suka mutu, a hannunsa kayan suka kwana. Mu ma ai mun san irin wannan, domin Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Inda muka bambanta shi ne abin da ke faruwa da ƙungiyar. Makaɗinmu idan ya kwanta dama, galibi 'yan amshi da masu kalangu sai su watse, ko da ɗa ya ɗauka da wuya abin ya koma yadda yake, saboda waƙar tana ɗaure da bakin mai ita da kuma sunan wanda aka yi wa ita. Waƙoƙin waɗannan mutane kuwa ba na yabon wani sarki ko attajiri ba ne, na rawa ne da hanya da kewar gida, don haka duk wanda ya iya zai ɗauka ya rera ba a ce ya yi sata ba.

A gaskiya ma ban ga dalilin kiran Asleep at the Wheel ƙungiya ɗaya da ta shekara 50 ba, domin cikin waɗanda suka kafa ta mutum ɗaya ne ya rage. Lucky Oceans ya daɗe da komawa Ostireliya inda ya zama mai gabatar da shiri a rediyo, Leroy Preston ya koma rubuta wa wasu waƙa, kuma makaɗan da suka shiga suka fita sun kai 100. Abin ya fi kama da motar yayana, wadda yaran mota suka yi ta wucewa ta cikinta, kowa ya koyi hanya, ya karɓi lasisi, ya samu tasa motar, maigida kuma ya ɗauki wani yaron. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shekaru suna goge a bayan Benson, Jason Roberts, shi ne daga baya aka damƙa wa jagorancin ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Texas Playboys. Tafiyar ma ba kullum take da daɗi ba. Sun samu waƙar da ta shiga sahun goma na farko a jerin waƙoƙin kantiri a 1975, sun ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a karon farko da wani kiɗa da suka fitar a 1978, amma a farkon shekarun 1980 kasuwa ta juya musu baya, bashi ya taru, mutane suka zame, har shugaban ya koma haɗawa da kiɗan tallace-tallace don a samu na man mota, kafin al'amura su sake miƙewa wajen 1987. Riƙe mutum takwas ko goma a kan albashi, da motar safa, da otal, alhali mawaƙi ɗaya da jitarsa zai iya cika zaure, taurin kai ne wanda lissafi ba ya goyon bayansa.

An tashi wajen sha ɗaya da rabi na dare. A bakin ƙofa akwai tebur da ake sayar da riguna da huluna da faya-fayai, ɗan nawa ya sayi faifai ɗaya duk da cewa komai yana cikin wayarsa, ya ce na Baba ne. Tsohon nan da matarsa suka yi mana sallama, ya girgiza hannuna da hannu biyu, ya ce in gaida mutanen Nijeriya, na ce za su ji.

Na so mu kwana a garin, amma ɗan nawa yana da aikin da zai duba da safe, ya ce awa uku ce kawai. Muka bi ta Seguin muka hau babbar hanya mai lamba 10 muka fuskanci gabas. Titin a miƙe yake kamar an ja zare, babu rami, babu shinge, babu gargadar da za ta farkar da mutum, irin hanyar da yayana zai ce ta fi mai ramuka haɗari. Na zaro goron da na saya a shagon kayan Afirka a Houston, na ɓare na miƙa masa rabi, ya karɓa yana yamutsa fuska don bai saba ba. Can ya zura faifan a rikodar motar. Na dubi agogo, sha biyu ta wuce da minti 20, hannuna har ya tafi zai kashe, sai gogen nan suka tashi tare, ganga ta biyo su, na ga yatsunsa suna bugun sitiyari. Na janye hannuna, na ce masa ya ƙara sauti.